Kurmin Kakum: yadda ƙishirwar wani gari ta tsare daji

Mai fita daga Cape Coast, tsohon garin nan na bakin teku a ƙasar Ghana wanda Fante ke kira Oguaa, idan ya nufi arewa ya wuce Jukwa, bayan tafiyar kimanin kilomita 30 zai iske ƙauyen Abrafo da ƙofar gandun dajin Kakum. Daga ƙofar sai hawan tudu a ƙafa, sannan gadojin igiya guda bakwai da aka ɗaura daga kan wannan itace zuwa kan wancan. Tsawonsu a haɗe ya kai wajen mita 350, kuma a wani wurin tsakanin tafin ƙafar mai tafiya da ƙasa akwai kusan mita 40. Faɗin katakon da ake takawa bai wuce na mutum ɗaya ba. Mutane fiye da 100,000 ne suke hawa gadojin nan a shekara mai kyau, yawancinsu 'yan ƙasar ne, 'yan makaranta da ƙungiyoyin coci da ma'aikatan da suka fito hutu. Suna ihu, suna ɗaukar hoto, suna sauka da gumi. Da wuya a sami wanda ya ga giwa a cikinsu, ko da yake giwaye suna nan.

Hoton tauraron ɗan Adam yana nuna abin da mai hawa gada ba zai gani ba. Kurmin, wanda faɗinsa tare da gandun Assin Attandanso da ke manne da shi ya kai murabba'in kilomita 375, wato kamar kashi ɗaya cikin shida na Yankari, tsibiri ne kore shar a tsakiyar gonakin koko da kwakwar manja da rogo. Iyakarsa a wurare da yawa miƙaƙƙiya ce kamar an ja ta da rula, kuma lalle da rula aka ja ta. Abin tambaya shi ne me ya sa gatari ya tsaya a kan wannan layi, alhali ya cinye kusan duk abin da ke waje da shi. Amsar ba ta fara da giwa ba. Ta fara da famfo.

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan yanki, ko da bai san sunan Kakum ba. Kalmar Kurmi da ya raɗa wa kudu gaba ɗaya daga irin wannan daji ta fito, kuma goron da fatake suka yi ƙarnuka suna ɗauka daga Salaga zuwa Kano da Katsina ɗan kurmin Asante ne, mutanen da Hausawa ke kira Tonawa. Kakum guntu ne na babban kurmin da ya taso daga Gini da Saliyo, ya ratsa Laberiya da Kwaddebuwa, ya zo ya tsaya a Ghana, inda wani zirin fili mai ƙarancin ruwa a Togo da Binin ya raba shi da kurmin Najeriya. Ruwan da ke sauka a kansa ya kusan ninka na Kano, a damina biyu cikin shekara.

Ana yawan kwatanta wurin da cewa daji ne da ɗan Adam bai taɓa ba. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Ƙasar ta mutanen Assin ce da Twifo da Denkyira da Abura, kuma babbar hanyar da ta haɗa Kumasi da teku ta gefen gabas ɗinsa ta bi. Ta wannan hanya aka koro bayin da aka kamo daga arewa, aka yi musu wankan ƙarshe a rafin Assin Manso kafin a kai su kurkukun ƙarƙashin ƙasa na Cape Coast da Elmina.  Rikici tsakanin sarakunan Assin ne ya sa biyu daga cikinsu, Kwadwo Otibu da Kwaku Aputai, suka bijire wa hukuncin Sarkin Asante Osei Bonsu suka gudu ƙasar Fante, shi kuwa ya bi su da runduna har bakin teku, aka gwabza a Anomabu a 1807. Daga nan har shekara kusan saba'in yankin bai zauna lafiya ba. Garuruwa sun tashi, Denkyira sun bar ƙasarsu ta asali sun dawo Jukwa, gonaki sun koma saura, saura ta koma daji. A ƙarshen 1873 sojan Ingila a ƙarƙashin Garnet Wolseley suka share hanya daga Cape Coast zuwa kogin Pra, suka shiga Kumasi a watan Fabrairun 1874, kuma a cikin rundunar akwai sojojin Hausa da aka ɗebo daga Ikko. Wasunsu ba su koma ba, suna cikin waɗanda suka kafa zangunan garuruwan gaɓar teku. Saboda haka wani sashe na kurmin da Turawan gandun daji suka zo suka tarar a farkon ƙarni na ashirin, suka ɗauka tun fil azal haka yake, mai yiwuwa ne tsiro ne a kan kufai. Wasu masana biyu, James Fairhead da Melissa Leach, sun kafa hujja mai ƙarfi a kan haka game da kurmin Afirka ta Yamma baki ɗaya a wani littafi da suka fitar a 1998.

Abin mamaki a labarin Kakum shi ne garin da yau yake cin moriyar gandun shi ne ya fi kowane gari yaƙar kafa gandun daji a ƙasar. Cape Coast ce hedikwatar mulkin Ingila a Gwalkwas har 1877, lokacin da aka mayar da ita Akara, kuma ta riƙe abin da ba a iya ɗauka a kai Akara ba, wato makarantu da lauyoyi da jaridu. Da gwamnatin mulkin mallaka ta kawo dokar ƙasa ta 1897, wadda za ta ba ta ikon sarrafa duk filin da ta ga kamar ba a amfani da shi, a wannan gari ne sarakuna da 'yan boko suka kafa ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ƙasa, lauya John Mensah Sarbah yana cikin jagororinta. Hujjarsu gajeriya ce: babu taki ɗaya na ƙasa a Gwalkwas da ba shi da mai shi, daji ma na kujerar sarauta ne, na matattu da rayayyu da waɗanda ba a haifa ba. Suka tura wakilai Landan a 1898, suka gana da Sakataren Mulkin Mallaka Joseph Chamberlain, aka janye dokar. Wanda ya san yadda dokar 1910 ta sa ƙasar Arewacin Najeriya duka a hannun Gwamna zai gane girman wannan nasara.

Gwamnati ta sake dawowa ta wata ƙofa. A 1908 aka gayyato H. N. Thompson, shugaban ma'aikatar gandun daji ta Kudancin Najeriya, ya zagaya kurmin ƙasar ya ba da shawarar a killace wasu sassa. Aka kafa ma'aikatar gandun daji a 1909, aka kawo dokar daji a 1911. Ƙungiyar Cape Coast ta ce wannan tsohuwar dokar ƙasa ce aka sauya wa riga, J. E. Casely Hayford ya yi rubutu mai zafi a kanta, aka sake zuwa Landan, dokar ta mutu ba a yi aiki da ita ba. Ba za a ce zarginsu ba shi da tushe ba, domin sun ga abin da aka yi da ƙasar mutane a Kenya da kudancin Afirka. Sai dai a shekarun da aka kwashe ana wannan jayayya, koko yana ta cin daji. Itacen da Tetteh Quarshie ya shahara da kawowa daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya mayar da Gwalkwas ƙasar da ta fi kowace fitar da koko a duniya tun 1911, kuma koko ya fi son sabuwar ƙasar kurmi da aka sare yanzu. Manomi ya sayi daji ko ya karɓa haya daga sarki, ya sare, ya dasa, bayan shekaru ƙasa ta gaji ya matsa gaba.

Kokon da ya cinye dajin shi ne kuma ya ba ma'aikatan gandu hujjar da ta fi shiga kunne. Suka ce itacen koko ba ya jure iskar hunturu, yana buƙatar laimar da kurmi ke riƙewa, kuma idan aka tone kawunan koguna rafuka za su ƙafe da rani. A zamanin Gwamna Gordon Guggisberg aka fara ba sarakuna dama su killace dazuzzukansu da dokokin gargajiya, da aka ga abin yana jan ƙafa sai aka yi dokar daji ta 1927. Wannan karon an koyi darasi. Dokar ta ba gwamnati ikon killace daji da kula da shi, amma mallakar ƙasar ta ci gaba da zama ta kujerar sarauta, sarki yana da kaso a kuɗin katakon da aka sara, mutanen ƙauye kuma an bar musu wasu haƙƙoƙi na shiga su ɗebi abin masarufi. A ƙarshen shekarun 1920 ɗin nan ne aka gina matatar ruwa a Brimsu, a kan kogin Kakum, domin shayar da Cape Coast, garin da ruwan gishiri ya kewaye kuma rijiyoyinsa ba su da daɗi. Kogin ƙarami ne, kuma daga cikin wannan kurmi yake tasowa. A 1931 aka ayyana kansa a matsayin gandun daji. Jikokin waɗanda suka je Landan sau biyu don kare ƙasarsu sun sami famfo a ƙofar gida, farashinsa kuwa shi ne a hana wasu ƙauyawa da ke can arewa da su saran gona a ƙasar kakanninsu.

Gandun daji a ma'anar wancan zamani rumbun katako ne da ake ci da lissafi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka sami manyan motoci da tarakta kuma tashar jirgin ruwa ta Takoradi tana aiki tun 1928, katako ya zama ɗaya daga manyan abubuwan da ƙasar ke fitarwa. Dokar 1962 ta zamanin Kwame Nkrumah ta ɗauke ikon ba da izinin saran itace daga hannun sarakuna ta sa shi a hannun shugaban ƙasa, a matsayin amana. Abin da lauyoyin Cape Coast suka hana Bature yi, gwamnatin 'yancin kai ta yi shi cikin zama ɗaya. Kamfanoni suka shiga Kakum suna zaɓen manyan itatuwa: dangin maɗaci na kurmi masu jan katako, da loko wanda mutanen wurin ke kira odum, daga baya kuma har da wani farin itace mara nauyi mai suna wawa a harshen Twi, sunan da kan sa Bahaushen zango murmushi. Saran zaɓe ba ya share daji, amma kowane ƙaton itace idan zai faɗi yana tafiya da na kusa da shi, hanyar da tarakta ta ja gungume ta zama hanyar maharbi, rana kuma ta sami ƙofar shiga ƙasan kurmi inda da ba ta kaiwa.

Shekarar 1983 ita ce mafi muni a tarihin Ghana na kusa. Fari ya zo, gobarar daji ta ƙone gonakin koko da dazuzzuka masu yawa, Najeriya kuma ta kori baƙi, 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya suka koma gida cikin 'yan makonni, da yawansu suka nufi ƙauye neman gona. A shekarar ce gwamnatin Jerry Rawlings ta rungumi shirin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya, kuma cikin hanyoyin samun kuɗin waje da sauri har da farfaɗo da sana'ar katako da sababbin injuna. Saran ya ƙaru a ko'ina. A Kakum an ci gaba da shi har 1989.

Abin da ya tsayar da zarto shi ne talaucin Cape Coast. Garin ya daɗe yana ja da baya: hedikwata ta tafi, layin dogon da ya isa Kumasi a 1903 daga Sekondi ya tashi, tashar jirgin ruwa ta tafi Takoradi. Makarantu irin su Mfantsipim, inda Kofi Annan ya yi karatu, suna ta yaye manyan mutane, amma a Akara suke neman aiki. Ato Austin, wanda Rawlings ya naɗa sakataren Yankin Tsakiya a ƙarshen shekarun 1980, ya duba abin da yankin ke da shi na sayarwa ya ga abu uku: gidajen bayi na Cape Coast da Elmina waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 1979, bakin teku, da wannan kurmi. Lissafinsa shi ne baƙon da ya zo ganin kurkukun bayi da safe ya koma Akara da yamma bai bar wa gari komai ba, amma idan akwai abin da zai gani washegari, dole ya kwana, ya ci abinci, ya hau mota. Aka dakatar da saran katako, aka miƙa dajin ga ma'aikatar namun daji, aka nemo kuɗi daga hukumar raya ƙasashe ta Amurka da ƙwararru daga ƙungiyar Conservation International. A 1992 aka ayyana Kakum gandun namun daji na ƙasa.

Sai dai kurmi ba ya sayuwa kamar yadda filin Serengeti ko Yankari ke sayuwa. A fili mutum yana zaune a mota ya hango garken giwa daga nesa. A kurmi ganinsa bai wuce 'yan taku ba, namun suna jin motsinsa tun kafin ya iso, rayuwar dajin kuma yawancinta tana can sama inda ganye da fure da 'ya'yan itace suke. Wannan matsala ce ta haifi gadojin. Masu bincike sun riga sun yi amfani da irinsu a dazuzzukan Asiya da Amurka ta Kudu, sai aka ɗauko wasu 'yan Kanada biyu suka yi aiki da 'yan Ghana, aka haɗa igiyoyin ƙarfe da tsani na alminiyam da katako da raga, aka ɗaura dandamali a jikin manyan itatuwa, aka buɗe a 1995. Dabarar ta yi nasara fiye da yadda aka zata, har wasu suka kwaikwaya: Ruwanda ta yi tata a Nyungwe, Legas ta yi wadda ta fi tsawo a Lekki. Gaskiyar magana dai, abin da yawancin masu zuwa ke saye shi ne faɗuwar gaba. Dajin shimfiɗa ce a ƙarƙashin abin.

Wanda ya kwana a ciki, ko ya iso da asuba kafin motocin 'yan makaranta, shi ne ke ganin wani abu. Rimi yana nan, amma ba irin na bakin kasuwa mai faɗin kai ba: a kurmi yana miƙewa sambal ya wuce sauran itatuwa kafin ya buɗe rassa, gindinsa da fukafukan saiwa da suka fi mutum tsawo. An ƙirga tsuntsaye fiye da iri 250, cikinsu har da manyan dangin cilakowa masu ƙahon baki waɗanda ƙarar fukafukansu ke riga su isowa. Malam-buɗe-littafi ya haura iri 500, kuma akwai wanda a nan aka fara gano shi a shekarun 1990 aka sa masa sunan wurin. Akwai birai iri-iri, da ƙananan namun daji dangin gada, da bongo, wata ƙatuwar dabba ja mai fararen zane a jiki wadda ko masu gadin dajin kan yi shekaru ba su sa ta a ido ba. Aku kuwa, tsuntsun da Bahaushe ya sani a keji yana maimaita sallama, a da garke-garke yake kwana a irin wannan daji. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna Ghana ta rasa tsakanin kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta tun 1992, saboda kamu don sayarwa da kuma saran manyan itatuwan da yake ƙwai a kogonsu. A shekarar ce aka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe.

Giwar Kakum ba irin ta Yankari ba ce. Giwar kurmi ta fi ƙanƙanta, kunnuwanta sun fi zagaye, haurenta ya miƙe ƙasa, kuma tun 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta ware ta a matsayin jinsi mai zaman kansa da ke bakin ƙarewa. Haihuwarta a hankali take: mace kan haura shekara ashirin kafin ta yi ɗan fari, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma shekara biyar ko shida. Da yake ba a iya ƙirga ta da ido, masu bincike a farkon shekarun 2000 sun bi sawu suna tsintar torosonta, suka tantance ƙwayoyin halittar da ke ciki, suka kiyasta cewa giwayen Kakum ɗari biyu ne da 'yan kai. Toroson nan shi ne aikin da take yi wa daji. Akwai itatuwa masu manyan ƙwallaye da babu dabbar da ke iya haɗiye su ta kai nesa sai ita, kamar baku mai jan katako da wani ƙaton ɗan uwan aduwa na kurmi, wanda ƙwallonsa ya fi tsirowa idan ya bi ta cikin giwa. Inda giwa ta ƙare, irin waɗannan itatuwa kan tsufa ba magaji.

Wanda ya biya kuɗin wannan duka shi ne manomin bakin iyaka. Ƙauyuka da dama ne suka kewaye gandun, wasu na 'yan ƙasa, wasu na baƙin da suka zo noman koko daga wasu sassan Ghana. A ƙarƙashin dokar Bature suna shiga su tsinci katantanwa, su yanki ganyen ƙunsa abinci da iccen taɓarya da kayan saƙar kwando, su samo magani, su yi farauta. Da aka mayar da wurin gandun namun daji, duk wannan ya zama laifi, sarakuna kuma suka rasa kason katako. A wannan fuska dokar 1992 ta fi ta 1927 tsanani a kan talaka. An yi alkawarin ayyukan yi da rabon kuɗin ƙofa, an kuma kafa wata gidauniya da ke kula da gadojin tare da ma'aikatar namun daji, amma ayyukan sun taru a wajen Abrafo inda baƙi ke sauka. Ƙauyen da ke can arewacin gandun bai taɓa ganin motar 'yan yawon buɗe ido ba. Abin da yake gani giwa ce.

Saran katakon da aka yi shekaru ana yi ya bar wa giwa abin da take so, wato sabon tsiro mai taushi a wuraren da rana ta shiga, hana farauta kuma ya cire mata tsoro. A ɗaya gefen layin, gonaki sun matso har jikin iyaka, cike da masara da rogo da gwaza da ayaba. Giwa ba ta san rula ba. Takan fito da dare lokacin da masara ta nuna, kuma garke ɗaya yana iya gama abincin shekarar gida kafin gari ya waye. Richard Barnes da abokan aikinsa, waɗanda suka daɗe suna nazarin wannan a Kakum, sun lura da wani abu da manoman suka riga suka sani: ɓarnar tana raguwa idan wata ya cika, ta ƙaru a daren duhu. Dabbar tana lissafin lokacin da ba za a gan ta ba. Manomi ba shi da izinin harbi, kuma babu tsarin biyan diyya, sai dai ya kwana a bukka yana hura wuta yana buga gwangwani, da sauro da haɗarin da ke cikin hakan. A farkon shekarun 2000 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo wata dabara da aka gwada a kudancin Afirka: a dama garin barkono da baƙin mai, a shafa a tsumma, a rataya a igiya kewaye da gona. Hancin giwa ba ya jurewa. Dabarar tana aiki matuƙar ana sabunta shafin bayan ruwan sama, barkono da mai kuma da kuɗi ake sayensu, daga aljihun mutumin da ba shi ya killace dajin ba.

Duk da haka, idan aka auna Kakum da dazuzzukan da aka bari a hannun masu katako, bambancin a bayyane yake. Wani jan biri da aka fara sani a kurmin Ghana a 1933 masana sun bayyana a 2000 cewa da alama ya ƙare a duniya, gandaye da yawa kuma sun zama itatuwa tsaye ba motsin dabba a cikinsu. Kakum yana da masu gadi da ake biya, yana da suna, kuma akwai otal-otal da direbobi da masu sayar da abinci a Cape Coast da za su yi asara idan ya lalace. Wannan kariya ce ta gaske, an kuma gwada ta kwanan nan. A 2022 gwamnati ta yi wata ƙa'ida da ta buɗe ƙofar haƙar ma'adinai a gandayen daji, kuma a ƙarshen 2023 ƙungiyoyin kare muhalli suka fallasa cewa wani kamfani ya nemi izinin haƙa a yankin Kakum. Ƙasa ta ɗauka, hukumar ma'adinai ta fito ta ce ta ƙi amincewa da buƙatar.

Zinariyar dai ta iso Cape Coast ta wata hanya. Garin ya girma ya fi ƙarfin Brimsu, don haka aka gina masa babbar matata a Sekyere Hemang, a kan kogin Pra, wanda ya fi Kakum girma nesa ba kusa ba amma ya ratso ƙasar masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, sana'ar da 'yan Ghana ke kira galamsey. A ƙarshen watan Agustan 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya fitar da sanarwa yana ba mutanen Cape Coast da Elmina haƙuri. Ya ce gurɓacewar ruwan Pra ta kai awo 14,000 a ma'aunin laka, alhali an ƙera matatar don 2,000, taɓo ya cike yawancin wurin da ake jan ruwa, kuma abin da take iya tacewa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta ba. Unguwanni suka koma sayen ruwan tanka da na leda. Tsohuwar matatar Brimsu tana nan a inda aka kafa ta kusan shekara ɗari da suka wuce, tana jan ruwa daga ƙaramin kogin da kan ja baya da rani, wanda kansa ke cikin layin da aka ja a 1931.